Kyamara a Hannun Mai Bi: Shaida ko Tsegumi?



Akwai tambayar da matasanmu suka sha kawo wa fastoci da dattawa a 'yan shekarun nan, muna kuma ganin lokaci ya yi da za mu amsa ta a fili. Tambayar ita ce, ko daidai ne mai bi ya ɗauki bidiyon ɗan sanda sa'ad da aka tare shi a shinge, ko kuwa ya ɗauki mutanen da suka taso masa da fitina. Wasu ma sun wuce wayar hannu. Yanzu ana sayar da ƙananan kyamarori da ake maƙalawa a aljihun riga, da masu kama da biro, har da tabarau mai ɗaukar hoto ba tare da wanda ake kallo ya sani ba. Amsarmu ita ce i, mai bi yana iya ɗauka domin kāre kansa da kuma tsayar da gaskiya. Amma duk wanda ya ɗauka ya zama mai shaida ke nan, Littafi Mai Tsarki kuwa bai bar mai shaida ya yi yadda ya ga dama ba.

Ba mu musun amfanin abin. A ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Minneapolis na Amurka, wani ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti tara har ya mutu. Sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar ta nuna kamar rashin lafiya ce ta kama mutumin. Wata yarinya 'yar shekara 17 da ke tsaye a bakin titi ce ta ɗauki abin da wayarta, a 2021 kuwa aka yanke wa ɗan sandan ɗaurin shekara 22 da rabi. A nan gida ma, wani bidiyo daga Ughelli a jihar Delta ne ya hura wutar zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020, har aka rushe rundunar SARS a ranar 11 ga watan. Gani ya kori ji. Tun daga lokacin, kakakin rundunar 'yan sanda ta ƙasa ya faɗa a bainar jama'a cewa ɗaukar hoton jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne, ko da yake kowa ya san abin da aka faɗa a Abuja dabam, abin da kurtu zai yi maka a bakin hanya da dare dabam.

Wasu dattawa suna jin cewa yin haka rashin biyayya ne ga hukuma, suna kawo Romawa sura 13. Muna girmama wannan damuwa. Amma Bulus ɗin da ya rubuta wannan sura, shi ne a Filibi ya ƙi fita daga kurkuku a ɓoye bayan an yi masa bulala ba tare da shari'a ba, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da shi (Ayyukan Manzanni 16). A Urushalima kuma, suna shirin dukansa, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne (sura 22). Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi sojoji a kan ƙwace da ƙazafi, ya ce su ƙoshi da albashinsu (Luka 3:14). Riƙe ma'aikacin hukuma a kan dokar da ya rantse zai kiyaye ba tawaye ba ne. Kada kuma mu manta akwai 'yan sanda a cikin ikkilisiyoyinmu, maza da mata masu tsoron Allah, waɗanda bidiyon gaskiya zai iya wanke su ranar da aka yi musu sharri.

Sai dai mu mutanen Sakkwato mun koyi wani darasi mai ɗaci wanda bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba.

Ranar Alhamis 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bisa zargin ɓatanci. An jawo ta daga ɗakin masu gadi inda aka ɓoye ta, aka jefe ta, aka ƙone. An ɗauki abin a waya. Waɗanda suka ɗauka ba su yi domin su cece ta ba, domin alfahari suka yi. Kafin rana ta faɗi duniya duka ta ga fuskoki, ta ga wani yana ɗaga ashana yana bugun ƙirji. Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, ya yi tir da kisan, ya ce a kama masu laifin, ba kuwa za mu manta masa da wannan ba. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Ranar Asabar 14 ga watan aka fito zanga-zangar neman a sake su, aka farfasa tagogin babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, aka taɓa wasu majami'u da shaguna, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mutum biyun nan da aka kai kotu, ba da laifin kisa aka tuhume su ba, sai haɗa baki da tayar da hankalin jama'a. A farkon 2023 kotu ta sallame su domin masu gabatar da ƙara ba su bi shari'ar ba. Shekara guda bayan Deborah, ranar 25 ga Yuni, 2023, aka kashe Usman Buda, wani mahauci Musulmi, a kwatar Sakkwato bisa irin wannan zargi. Shi ma an ɗauki bidiyonsa.

To, a ina aka taɓa samun shaidar da ta fi wannan bayyana? Duk da haka ba ta kai ga hukunci ba. A Minneapolis bidiyo ya yi aiki ne domin ya sami mai gabatar da ƙara da ya ɗauke shi, da kotun da ta zauna a kansa. Kyamara ba ta kama mai laifi, ba ta kuma tare dutse. Muna faɗin wannan domin saurayin da yake tsammani in ya maƙala kyamara a ƙirji ya sami garkuwa. Ɗana, in taro ya fusata, ka nemi hanyar fita. Wayar da ka ɗaga a irin wannan sa'a tana iya jawo hankalinsu a kanka. Uwarka ɗa take so ya dawo gida, ba bidiyo ba.

Akwai kuma sashen labarin da ba mu cika son tunawa ba. Abin da ya jawo wa Deborah wannan masifa saƙon murya ne a dandalin WhatsApp na 'yan ajinsu, wurin da mutum zai ɗauka a cikin nasa yake. Magana zarar bunu ce, in kuwa an naɗe ta a waya ta fi haka. Bayan kwana takwas, a ƙaramar hukumar Warji ta jihar Bauchi, aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya, uwar 'ya'ya biyar, domin ta tura wa abokan aikinta wani bidiyo mai yin tir da kisan. Ba ita ta yi bidiyon ba, turawa kawai ta yi. Ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Ba mu ɗora wa waɗannan 'yan'uwa mata laifin kome ba, laifin yana kan waɗanda suka zubar da jini da waɗanda suka tsare marar laifi. Amma makiyayin da ya ga inda kura take bi, bai gaya wa tumaki ba, shi ma yana da abin da zai amsa.

Saboda haka muke roƙo a rarrabe tsakanin ɗauka da watsawa. Wanda ya ɗauki jami'i yana karɓar kuɗi ko yana dukan wani, ya tsaya nesa, kada ya hana shi aiki, kada ya zage shi. Ya riƙe rana da lokaci da wurin, da sunan da ke ƙirjin jami'in, da lambar mota. Kada ya yanke bidiyon, kada ya sa masa waƙa ko rubutu, ya bar shi yadda yake a wayar da ta ɗauke shi, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta samar da irin wannan shaida kafin kotu ta karɓa. Daga nan ya kawo wa fasto ko dattijo, a nemi lauya, a kai Sashen Karɓar Ƙorafi na 'yan sanda wanda aka kafa a 2015, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Hanyar tana da jinkiri, mun sani, wani lokaci ma ba ta ɓullewa. Amma Attaura ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci da bakin mai shaida ɗaya ba (Maimaitawar Shari'a 19:15), ta kuma hana baza labarin da ba a tabbatar ba (Fitowa 23:1). Bidiyon daƙiƙa talatin mai shaida ɗaya ne, bai kuwa ga abin da ya faru kafin a kunna shi ba. Sau nawa aka turo mana hoton wata ƙasa, ko na shekarun baya, aka ce a bayan gidanmu ya faru jiya?

Yanzu bari mu shigo cikin gida, domin a nan ne mu shugabanni muka fi sakaci. Muna kukan a ɗauki 'yan sanda, alhali kuwa mutanen da aka fi ɗauka ba da izininsu ba su ne membobinmu, a cikin majami'armu, da hannun 'ya'yanmu. Ana sujada, yaro yana yawo da waya yana watsawa kai tsaye a Facebook. Yana haska fuskar gwauruwar da take kuka a lokacin addu'a, da mai ba da shaida a kan cutar da danginsa ma ba su sani ba, da yaran makarantar Lahadi, da ƙofofin majami'a da wurin da masu tsaro suke tsayawa. Mafi nauyi duka, baftisma. A gari irin namu akwai wanda zuwansa sujada asiri ne tsakaninsa da Ubangiji da fasto, hoto ɗaya kuwa ya isa ya raba shi da aure, ko gado, ko abin da ya fi haka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kāre sirrin ɗan ƙasa, an kuma sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a a Yuni 2023, amma bai kamata ikkilisiya ta jira doka ta koya mata wannan ba. Mun san labarin 'ya'yan Nuhu a Farawa sura 9: ɗaya ya gani ya fita ya ba da labari, biyu suka ɗauki mayafi suka shiga da baya.

Tabarau da biro masu ɗaukar hoto a ɓoye kuwa, ba mu ga wurinsu a cikin sujada ba, ko a taron dattawa, ko a ɗakin shawara, ko a gidan maƙwabcinmu Musulmi wanda ya shimfiɗa mana tabarma da amana.

Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ta sa wannan magana a zamanta na gaba. A naɗa mutum ɗaya ko biyu da aka amince su ɗauki hoto, kyamara ta fuskanci bagade da mawaƙa kaɗai, a keɓe kujerun da ba ta kaiwa, kada kuma a ɗauki baftisma sai wanda za a yi wa ya yarda da bakinsa. Shugabannin zumuntar mata da na matasa su duba dandalolinsu na WhatsApp, su san ko su wane ne a ciki. Ikkilisiyar da take da lauya a cikin membobinta ta sanar da sakataren ƙungiya, domin a haɗa sunayensu a raba wa fastocin da ke ƙauyuka.