FILIN 'YAN MAKARANTA: Birki Na Mota Ne, Ba Na Fasinja Ba

Darasinmu na wannan wata a kan ƙarfi da motsi ne, watau abin da 'yan sakandare ke fara cin karo da shi a darasin fiziks. Amma ina roƙon iyaye kada su juya shafi, gama maganar ta shafi ran kowa a gida.

Wata ranar kasuwa ina dawowa daga ƙauyenmu a bayan a-kori-kura, mun yi mutum goma sha, ga buhunan masara, ga kaji. Direba na ta sheƙa gudu, sai ga akuya ta faɗo hanya. Ya taka birki da ƙarfi. Nan take dukanmu muka zube gaba, wani kan wani. Wata mata da ke riƙe da ɗanta a cinya, yaron ya kuɓuce mata ya bugi ƙarfen gaba, goshinsa ya fashe. An gode Allah abin ya tsaya nan. Jama'a suka yi ca a kan matar, wai ba ta riƙe ɗanta da kyau ba. Ni kuwa na san ba laifin hannunta ba ne. Ku biyo ni ku ji dalili.

Da fari, mene ne ƙarfi? A kimiyya, ƙarfi shi ne turi ko ja. Jan guga daga rijiya ƙarfi ne, tura baro ƙarfi ne, haka kuma jan da ƙasa ke yi wa mangwaro har ya faɗo. Wanda ya tsara ƙa'idodin wannan al'amari shi ne wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, watau Ishaku da harshenmu. Ya buga su a shekarar 1687 cikin littafin da ya rubuta da Latin, ya kuwa ɗora ne a kan aikin Galileyo na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1642. Ƙa'idodin uku ne.

Ta farko ta ce, abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya miƙe da gudunsa, sai fa in wani ƙarfi ya sa baki. Littafinku na kiran wannan hali inashiya, ni kuwa a aji nakan ce masa naci. Yarinya ta ɗauko bokitin ruwa a ka, ta tsaya farat ɗaya, ruwan sai ya fantsamo gaba. Ita ta tsaya, ruwan bai tsaya ba.

Wani yaro zai ce, “To Malam, don me ƙwallo ke tsayawa da kanta in an buga ta?” Ba da kanta take tsayawa ba. Gogayyar ƙasa da ciyawa da iska ne ke cin gudunta. Inda babu wannan gogayya, tafiya ba ta ƙarewa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana nan yana lulawa cikin sarari har yau, ba kuwa injin da ke tura shi gaba.

To, ku koma cikin a-kori-kurar nan. Sa'ad da mota ke gudu, duk abin da ke cikinta yana wannan gudun, har da jaririn da ke barci. Birki yana kama tayar mota ne kaɗai. Ba ya kama fasinja. Mota ta tsaya, mu muka ci gaba, sai da muka sami abin da ya tare mu.

Ƙa'ida ta biyu ita ce mai lissafi. Ta ce ƙarfi daidai yake da yawan kilo na abu sau saurin canjin gudunsa. Baron da babu kaya, turi kaɗan ya isa ya zabura. Baron da aka cika da yashi, sai an yi nishi. Ana auna ƙarfi da ma'aunin da aka sa wa sunan masanin, watau niyuton. Abu mai kilo ɗaya, ƙasa na jansa da ƙarfin niyuton 9.8, mu ce 10 domin sauƙin lissafi.

Ku ɗauko fensir mu gwada. A ce mota na gudun kilomita 72 a awa, watau mita 20 ke nan a kowace daƙiƙa. A cikinta akwai ɗan makaranta mai kilo 50. In direba ya rage gudu a hankali har ya tsaya cikin daƙiƙa 5, gudun yana raguwa da mita 4 a kowace daƙiƙa. Kilo 50 sau 4, niyuton 200 ke nan, kamar nauyin jarkar ruwa mai lita 20. Wannan kowa zai iya tokarewa da hannu da ƙafa.

Amma a ce motar ta yi karo da itace, ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Yanzu lissafin ya zama 50 sau 200, watau niyuton 10,000. Wannan nauyin buhu goma ne na masara mai kilo ɗari-ɗari. Wane ne a cikinku zai tare buhu goma da hannu? Jariri mai kilo 10 kuwa, a irin wannan karo, riƙe shi na bukatar niyuton 2,000, watau kamar buhu biyu cike. Babu uwar da hannunta zai iya wannan, kome ƙaunarta ga ɗanta. Namu birki ne kawai aka taka, ba karo ba, duk da haka yaron ya kuɓuce, gama abin ya zo wa uwar ba shiri.

Ku lura da abu guda a lissafin nan. Gudun ɗaya ne, yaron ɗaya ne, lokacin tsayawa ne kawai ya bambanta. In an tsawaita lokacin, ƙarfin sai ya ragu. Shi ya sa mai tsaron gida yakan janye hannu baya kaɗan in ya cafe ƙwallo, shi ya sa kuma ake jera ƙwai a cikin dusa ko ƙaiƙayi. Aikin bel ɗin kujerar mota ke nan: yana ɗaure mutum da motar domin su tsaya tare, ya ɗan miƙe kaɗan, ya kuma raba ƙarfin a kan ƙirji da ƙugu inda ƙashi ke da ƙwari. Irin bel ɗin da muke gani yau, wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙago shi, aka fara sa shi a mota a 1959. Hular kwano ma haka take. Soson da ke cikinta yana lotsawa, ya ƙara wa kai ɗan lokaci kafin ya tsaya.

Ƙa'ida ta uku ta ce, in ka tura abu, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, amma ta wajen da ke daura. Mai kwalekwale yana tokare ƙasan kogi da gora zuwa baya, ƙasan kuma ta tura shi gaba. Tafiyarmu ma haka ce, ƙafa ta tura ƙasa baya, ƙasa ta tura mu gaba, shi ya sa tafiya ke gagara a kan santsi. Saboda haka in kai ya bugi kwalta, kwalta ma ta bugi kai da ƙarfi iri ɗaya. Sai dai kwalta ba ta da ƙwaƙwalwa.

Saura magana ɗaya ga masu tuƙi. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Motar da za ta tsaya cikin mita 10 a gudun kilomita 36, sai ta ci mita 40 a gudun kilomita 72. Ban da wannan, in direba ya yi daƙiƙa ɗaya tak kafin ƙafarsa ta kai kan birki, motar ta riga ta shafe wasu mita 20. In kuma ruwa ya sauka, ko taya ta cinye, gogayya ta ragu, nisan ya ƙaru. Karo a gudun kilomita 72 kuwa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 20, kamar daga ƙolin dogon giginya.

Don haka, yarana, kada ku ɗare kan lodin babbar mota, kada ku zauna a bakin a-kori-kura ƙafa na lilo. In akwai bel, ku ɗaura, ko da sauran fasinja za su yi muku dariya. Iyaye, kada a zauna da jariri a cinya a kujerar gaba. Mai babur, hular kwano a kanka take aiki, in ka rataye ta a madubi ba ta amfane ka da kome ba. In direba ya cika gudu, ku yi masa magana da ladabi, gama kuɗin mota kuka biya, ba ku sayar masa da ranku ba.

Ga aikin gida. Ku ɗora guntun kwali a bakin kofi, ku sa kwabo ko murfin kwalba a tsakiyarsa, sa'an nan ku ɗalle kwalin da yatsa da sauri. Ina kwabon ya tafi, don me kuma? Sai lissafi: buhun gero mai kilo 100 yana bayan motar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa, ta tsaya cikin daƙiƙa 2. Ƙarfin niyuton nawa igiya ke bukata domin ta riƙe shi? Ku aiko da amsa, za mu buga sunayen waɗanda suka ci.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba yadda ƙaramin yaro ke iya ɗaga babban dutse da sanda. Ku huta lafiya.