Da wane baki yaro zai faɗi abin da ke cin ransa?

A ƴan shekarun nan wata magana ta shigo gidajen rediyo da tarurrukan ƙungiyoyi, ita ce "lafiyar ƙwaƙwalwa". Fassara ce ta "santé mentale", kuma wanda ya fara yin ta bai yi laifi ba, tunda dole a kira abu da wani suna. Sai dai ya kamata a tsaya a duba abin da uwa a Tasawa ko Madawa take ji idan makaranta ta aiko cewa ana so a duba lafiyar ƙwaƙwalwar ɗanta. A Hausar yau da kullum ƙwaƙwalwa fuska biyu gare ta: ko dai a ce yaro yana da ita, wato yana kama karatu, ko kuwa a ce ta taɓu, wato ya haukace. Yaron da ya daina barci, ya daina wasa, yana firgita in an buga ƙofa, ba ya cikin ko ɗaya. Uwarsa za ta amsa da cewa ɗanta lafiyarsa lau, kuma a ma'aunin kalmar da aka kawo mata gaskiya ta faɗa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta wannan fanni, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna fara tsiro ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Nijar kuwa ƙasa ce da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Ƙwararrun likitocin fannin ƴan kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai, kuma Pavillon E na babban asibitin ƙasa ba wurin da uba zai yarda a ambata tare da sunan ɗiyarsa ba ne. Idan an ɗebe gida, babu wata hukuma da take ganin yaro da safe, ta sake ganinsa gobe da jibi har tsawon wata 9, in ba makaranta ba. Malamin aji shi ne zai fara lura cewa yarinyar da take rige-rigen ɗaga hannu ta koma bencin baya ta yi tsit. Gaskiya ne akwai ɗimbin yara da ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba, da almajiran da ba sa cikin lissafin kowa. Nasu zancen daban ne, kuma ya fi wannan nauyi.

Abin da yaran suke shigowa da shi aji sananne ne. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. An yi ta'aziyya, an yi alkawarin gine-gine, amma abokan karatunsu da suka fito da rai sun koma gaban allo da abin da idanunsu suka gani. A Tilaberi rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu. Difa tana cikin wannan hali tun 2015, yankin Gidan Rumji kuma ya karɓi dubban iyalai da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Ban da waɗannan akwai nauyin da ba ya shiga labarai: yarinyar ƙauye da aka ajiye gidan wani a birni don ta yi CEG, tana aikatau kafin ta buɗe littafi, da wadda ta tsinkayi ana zancen aurenta, da yaron da ya faɗi BEPC sau biyu ya kasa haɗa ido da mahaifinsa.

Tambayar da ta shafi masu nazarin harshe ita ce da wane baki yaron zai faɗi wannan. Ɗan shekara 6 ko 7 da ya shiga CI yana zuwa da harshen da ya iya kuka da barkwanci da rantsuwa a cikinsa, sai a ce ya ajiye shi a bakin ƙofa. Manya da yawa suna tuna "symbole", ƙashi ko katakon da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a harabar makaranta. Ko inda aka daina ratayawa, darasin ya zauna: shiru ya fi kuskure aminci. Faransancin da yaro yake samu a shekarunsa na farko na kiran suna ne da karɓar umarni. Idan an tambaye shi "ça va?" amsar da aka koya masa guda ce. In ya yi ƙoƙari ya ce "malade" ko "fatigué", sai a taɓa goshinsa, a ji babu zazzaɓi, a ce lalaci ne.

Hausa kuwa tana da wadata a nan, wadatar da ba a cika lura da ita ba saboda ba ta zo da siffar da littattafan likitanci suka saba ba. Bafaranshe yakan sa kansa a gaban jimla, ya ce shi ne mai baƙin cikin. Bahaushe sau da yawa janyewa yake yi, ya bar wani sashe nasa ya zama aikau: rai ya ɓaci, gaba ya faɗi, hankali ya tashi, zuciya ta karaya, jiki ya yi sanyi, ciki ya ɗuri ruwa. Mai maganar ba ya bayyana sai a ɗan wakilin sunan mallaka da ke maƙale a ƙarshen kalma: raina, gabana, hankalina. Wani lokaci kuma abin ne yake zuwa daga waje ya yi aiki a kan mutum: tsoro ya kama shi, tunani ya dame shi, abu ya tsaya masa a rai. Kowace daga cikin waɗannan tana da gurbinta. Faɗuwar gaba ba ita ce ɓacin rai ba, karayar zuciya kuma ta fi su duka haɗari, domin mai ita ya fara yanke ƙauna. Wannan tsari yana ba yaro damar faɗin ciwonsa ba tare da ya yi kamar yana ƙarar iyayensa ko yana butulce wa Allah ba. Shi ya sa takardar tambayoyi da aka fassaro kalma da kalma takan dawo fanko. A tambayi yarinya ko tana baƙin ciki, ta ce a'a, alhamdu lillahi. A tambaye ta ko gabanta yana faɗuwa idan magariba ta yi, ko tana samun barci, sai zance ya buɗe.

Ba a ce Hausa ba ta da nata ƙulle-ƙullen ba. Gaisuwarta ma "lafiya lau" kaɗai take karɓa. Haƙuri da kunya, waɗanda Kirk-Greene ya lissafa cikin halayen mutumin kirki a 1974, suna da daraja, amma "yi haƙuri" ita ce kuma kalmar da ake rufe bakin yaro da ita kafin ya gama magana. Daƙiƙi, sakarai, jaki, mahaukaci: duk da Hausa ake jifan yara da su, wani lokaci daga bakin malamin da Faransancinsa ya ƙare don fushi. Abin takaici ne a ce harshen gida ba ya samun izinin shiga aji sai ranar zagi.

Akwai wani lamari da duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya gani ko ya ji labarinsa, wato faɗuwar ƴan mata a aji. Ɗaya ta kurma ihu ta zube, kafin a ankara biyar sun bi ta. Jaridu sun laƙaba wa abin suna "génie tchatcheur", aljani mai surutu, kuma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kansa. Abin da aka saba yi shi ne a sallami ɗalibai, a kira malamai su yi ruƙiyya, wasu ƴan boko kuma su taɓe baki su ce iya shege ne. Ba aikin makaranta ba ne ta yanke hukunci a kan samuwar iskoki, iyaye kuma suna da haƙƙin neman addu'a. Amma ko mutum ya yarda da aljanin ko bai yarda ba, akwai abin lura a cikin sunan kansa: a wurin da aka hori yarinya ta yi shiru, sai ga wata murya ta fito daga bakinta tana magana da ƙarfi, kowa kuma ya tsaya yana saurare. Idan ta farfaɗo, an shafa mata ruwa, an mai da ta gida, da wuya a sami wanda zai zauna da ita bayan kwana biyu ya tambayi inda take kwana, da wanda yake ciyar da ita, da abin da ake shirya mata. An saurari aljanin, ita ba a saurare ta ba.

Wasu ƙasashen sun bi ta hanyar harshe sun ga amfani. A Zimbabuwe masu bincike sun lura cewa Shonawa suna kiran irin wannan damuwa "kufungisisa", wato yawan tunani, sai suka gina tambayoyi 14 daga maganganun marasa lafiyar kansu a shekarun 1990. A kan wannan ne likita Dixon Chibanda ya kafa shirin da ake horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraren mutane cikin harshensu. Bahaushe ma "tunani ya yi masa yawa" yake cewa, kuma ba mai jin kunyar faɗin haka.

Za a ce malami ba likita ba ne, kuma haka ne. Mai aji cike maƙil, ɗan kwantaragin da shi ma albashinsa yake hana shi barci, ba za a ɗora masa gano cuta ba, kuma in ya fara laƙaba wa yara sunayen cututtuka ɓarnar za ta fi gyaran yawa. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya gane canji, ya iya tambaya ɗaya ko biyu a keɓe cikin harshen da yaron yake mafarki da shi, ya riƙe sirri, ya san wanda zai miƙa wa zancen. Za a kuma ce ba kowane yaro ne Bahaushe ba. Wannan ba ya rushe hujjar, faɗaɗa ta yake yi: ɗan Zabarma da Bafillace da Buzu da Babarbare kowa da nasa kalmomin, kuma tilasta masa Hausa a irin wannan lokaci maimaita laifin "symbole" ne da sabon kaya.

Doka ba ta hana ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Amma muhawarar shekara 50 ɗin nan kusan duk a kan karatu da lissafi ta tsaya, ko yaro zai fi saurin haɗa baƙi. Ba a cika kawo zancen cewa harshen aji shi ne kuma harshen neman agaji ba.

Ɓangaren da ya rage wa sassan nazarin harshe na Jami'ar Abdou Moumouni da takwarorinta a fili yake. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham da na Abdou Mijinguini sun tattara kalmomin, amma daga bakin manya. Ana buƙatar a tattara yadda yara da matasa da kansu suke faɗin damuwa, da izinin iyayensu kuma ba tare da sunayensu ba, a Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram da Arewa, domin abin da ake nufi da kalma a Tawa ba lalle ne ya zama shi ne a Magarya ba. A zauna da ma'aikatan jinya da masana halayyar ɗan Adam su tantance wace magana ce ta ɓacin ran kwana ɗaya, wace ce kuma ke nuna a gaggauta. Daga nan a fitar da ɗan littafi mai shafi 30 ko 40 don makarantun horar da malamai da ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, waɗanda su ne suka fi kowa sanin gidan da yarinya ta fito. A shafinsa na ƙarshe a bar gurbi inda daraktan kowace makaranta zai rubuta da hannunsa sunan gidan likita mafi kusa da ranar da ake samun ma'aikacin da zai saurari yaro.