Darasin gawo ga Kiristan Adar

Makon jiya wani saurayi ɗan majami'armu ya tare ni cikin kasuwar Tawa, ya ce: "Yaya, na gaji. Aiki babu, hanyar arewa ba tsaro, addu'ar ma ta yi mini nauyi. Mu da ba mu taka kara mun karya ba a ƙasar nan, mi ya rage mana in ba tafiya ba?" A lokacin ban ba shi amsar kirki ba. Ga ta yau, kuma ina fatan ƴan'uwanmu Musulmi za su saurara, domin fari ba ya tambayar addinin mai gona.

Gaskiya ne mu ƴan kaɗan ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Gaskiya ne kuma wahala ba baƙuwa ba ce a Adar. Kakanninmu sun ga farin 1973 da na 1984. Iyayenmu sun ga watan Janairu na 1994, lokacin da faran guda na Faransa ya tashi daga dala 10 ya koma dala 20, ma'aikata kuwa suna bin gwamnati bashin albashi na watanni. Mu mun ga yunwar 2005, da kisan mutum 137 a ƙauyukan Tilliya ranar 21 ga Maris 2021, da rufe iyaka da yanke wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

To, ƙanena, fita bayan gari ka dubi gawo. Da damina, lokacin da kowane icce ke ado, shi kakkaɓe ganyensa yake yi, ya bar wa hatsi rana da taki. Da rani kuwa, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo ƴaƴan da bisashe ke ci, har a kai su kasuwa. Asirinsa ba a sama yake ba. Saiwarsa ce ke nutsawa ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwan da ido ba ya gani.

Darasi na farko ke nan: saiwa. Bangaskiyar da ke jiran waƙar ranar Lahadi kaɗai ba ta kai watan Afrilu. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma gidaje nawa ne ake buɗe shi da asuba? Maƙwabcinmu na tashi salla sau biyar, da daɗi ko ba daɗi. Ya kamata mu ji kunya, mu koya. Ranar da addu'a ta yi nauyi, ranar ce aka fi bukatarta, kuma in mutum ya kasa shi kaɗai, sai ya nemi ɗan'uwa su durƙusa tare.

Na biyu, aikin rani. A ƙasar Illela manoma na haƙa tassa cikin faƙo tun babu ko gajimare, su zuba taki, su jira. A Keita, daga 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da cimaka. Ba wanda ya ba su tabbacin ruwa. Haka bege yake: ba zama a inuwa ba ne, aiki ne da ake yi kafin a ga sakamako. Kirista ɗan kasuwa ya cika tiyarsa ko da hatsi ya yi tsada. Kirista ma'aikaci ya sa hannu a takardar talaka ba tare da neman na goro ba, ko da albashi bai kai ƙarshen wata ba.

Na uku, inuwa ta kowa ce. Asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, ba ya tambayar majinyaci addininsa a bakin ƙofa, kuma mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, har daga Najeriya. Abin da ya sa ake ganin girman Kirista a jahar Tawa ke nan, ba yawan wa'azi ba.

Bari in ba da shaidar gidanmu. A 2005 ina yaro, mahaifiyata kan raba tiyar hatsi biyu, ta aike ni da rabi gidan malamin da ke maƙwabtaka da mu. Nakan tafi ina gunaguni, don mu ma ba mu ƙoshi ba. Shekara goma bayan haka, ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, tsoro ya kama mu. Da magariba sai ga malamin nan da tabarmarsa da carbinsa, ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu, ya ce wa mahaifina: "Maƙwabci, ku shiga ku kwana, ina nan." Nan ya kwana har asuba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ban ce kada ka tafi bida ba, ƙanena. Ba'adare da tafiya Abijan ko Kamaru tsohon zance ne, kuma da kuɗin ci-rani aka gina gidaje da dama a garin nan. Amma in gajiyar zuciya ce ta kore ka, za ka tarar da ita tana jiranka a tasha. In za ka tafi, tafi da saiwarka. In za ka zauna, kada ka kulle kanka cikin majami'a kana ƙirga laifin mutane, domin ƙiyayya gara ce, daga ciki take cin icce.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.