Darasin Dazuzzukan Wasu Ƙasashe Ga Makarantunmu

'Yan'uwa malamai, mun saba koya wa yara cewa hamada na matsowa, kamar wata ƙaddara ce da babu makawa. Alƙaluman ƙasashen da ke yankin zafi na duniya ba su goyi bayan wannan saduda ba. Idan muka jera su shekara bayan shekara, za mu ga sarar itatuwa tana hawa tana sauka gwargwadon abin da hukuma da jama'a suka yi.

Mu duba Birazil. A shekarar 2004 an share kusan murabba'in kilomita 27,800 na dajin Amazon, akasari domin kiwon shanu da noman waken soya. Da gwamnati ta sa ido ta tauraron ɗan'adam, ta hukunta masu laifi, ta hana su bashin banki, sai adadin ya sauko zuwa kusan 4,600 a 2012. Da aka yi sakaci ya haura 13,000 a 2021, da aka sake ɗaure ɗamara kuma ya koma ƙasa da 7,000 a 2024. Daji ɗaya ne, hannun da ke riƙe da doka ne ya yi ta sauyawa.

Indunusiya ma ta tafka asara saboda gonakin kwakwar manja, har zuwa gobarar daji ta 2015. Dokar dakatar da ba da sabon izinin sare tsofaffin dazuzzuka, wadda aka kafa a 2011 aka kuma tabbatar da ita a 2019, na cikin abubuwan da suka rage ɓarnar ƙwarai.

Labarin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango daban ne. Can asarar ba ta ja da baya ba, tana kai kimanin hekta rabin miliyan na tsohon daji a shekara. Dalili shi ne masu sarar talakawa ne da ke neman gona da gawayin girki. Ana iya cin tarar kamfani, amma babu dokar da za ta hana uwa hura wuta. Halinmu ya fi kama da na Kwango, domin duk lokacin da gas ya yi tsada, buhunan gawayi ke ƙaruwa a bakin titi.

To, talauci ya ɗaure mu ke nan? Maƙwabtanmu na Nijar sun ba da amsa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, yawancinsu irin su gawo da ke ƙara wa ƙasa albarka. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne sun tabbata itacen nasu ne.

Mu kuwa me muke yi? Kowace damina a yi bikin dashe a harabar makaranta, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye. Sakamakon yana kanmu: iska ta yaye rufin aji, yara su zauna a rana, wasu su makara saboda neman itacen girki a nesa.

Shawararmu ga reshe ita ce, kowace makaranta ta damƙa wa kowane aji itatuwa ƙalilan da shinge, a ƙirga waɗanda suka rayu a ƙarshen shekara, a kawo adadin taron reshe. Mu kuma shigar da waɗannan alƙaluma cikin darasin lissafi, yara su zana hawa da saukarsu da hannunsu. Sannan ƙungiya ta sa batun murhu mai tsimin itace da sauƙin farashin gas cikin buƙatun da take kai wa hukuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen yana hannunmu kullum safiya.