Kafin ka sayi injin sare itace don aikin gida

Da damina ta kankama, iska kan karya rassan mangwaro da darbejiya, wani reshen ya faɗo kan katanga, wani ya tare ƙofar gida. A nan ne magidanta da dama ke tunanin sayen injin sare itace nasu, su huta da neman mai aiki. Tunanin ba laifi, amma wannan inji ba janareta ba ne da za ka tayar ka koma gefe. Sarƙar mai amfani da fetur na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, kuma ba ta bambance reshe da ƙafar mutum.

Fara da tambayar kanka: sau nawa zan buƙace shi a shekara? Idan rassan ba su wuce kaurin damtsenka ba, zarton hannu ya ishe ka. Idan kuwa babbar bishiya ce, ko ta karkata kan gini, ko tana kusa da wayar lantarki, kira masu sana'ar. Kuɗin aikinsu bai kai kuɗin asibiti ba.

In dai sai ka saya, to nemi ƙarami. Ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa kada ya wuce inci 12 zuwa 14. Manyan da masu yankan katako ke shiga daji da su nauyi gare su, kuma hannun da ya gaji shi ke kuskure.

Iri uku ne a kasuwa. Mai fetur ya fi ƙarfi, amma sai an gauraya fetur ɗin da man inji na musamman, galibi kashi 50 da kashi 1, kuma haɗin kan lalace idan ya yi kamar wata guda a ajiye. Shi ya sa injin da ake tayarwa sau biyu a shekara yakan ƙi tashi ranar da ake nemansa. Ƙararsa ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan aka daɗe ana ji. Mai waya kuma sai da wuta, ga wayar tana harɗe ƙafa. Ga mai aiki jefi-jefi, mai batir ya fi dacewa: ba hayaƙi, ƙararsa da sauƙi, kuma da ka saki maɓalli zai tsaya.

Kowanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka ga birkin sarƙa, wato marfin da ke gaban hannun hagu. Idan bakin ƙarfen ya taɓa wani abu, injin kan yi tsalle ya nufo fuska kafin ƙiftawar ido, birkin ne ke tsayar da sarƙar. Ka sa mai shago ya gwada shi a gabanka. A kula kuma da jabu masu ɗauke da sunan Stihl ko Husqvarna. Araha ba ta ado.

Ka haɗa kuɗin kayan kariya cikin lissafi tun farko: tabarau, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai tauri da wandon kariya. Ba a wannan aiki da silifas, jallabiya ko babbar riga. Riƙe injin da hannu biyu, kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau tsani da shi, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai. Uwargida, a shigar da yara ɗaki har a gama. Bayan nan a cire batir, a kulle injin inda hannunsu ba zai kai ba.

Idan tsautsayi ya afku, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, a garzaya asibiti. Kada a zuba toka, ƙasa ko baƙin mai. A tuna wa likita batun allurar tetanus. Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar kan ƙanƙara a tafi da shi.

Allah ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa.