Kamaru: An mayar da albashi, amma ina ƙarin girman waɗanda aka dakatar?

A shekarar 2018 gwamnatin Kamaru ta ƙidaya ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya a wani aiki da aka sani da COPPE, da nufin zaƙulo ma'aikatan bogi. Ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Louis Paul Motaze ta ce an cire sunaye sama da 10,000 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ke rage wa baitulmali kashe kusan biliyan 30 na CFA a kowace shekara. Babu mai musun amfanin wannan tankaɗe da rairaya. Sai dai ba duk wanda aka tsayar wa albashi ba ne ɗan bogi, kuma ga wanda aka wanke akwai tambayar da ba a cika yi ba: shekarun da ya yi a dakace za su shiga lissafin ƙarin girmansa?

Dokar aikin gwamnati ta ranar 7 ga Oktoban 1994 ta tanadi cewa ma'aikaci yana hawa mataki ɗaya, wato échelon, duk bayan shekara 2 idan aikinsa ya gamsar. Da wannan mataki ake lissafa albashi, da shi kuma ake lissafa fansho. Wanda takardunsa suka maƙale shekara 4 ya rasa mataki 2, kuma giɓin zai bi shi har bayan ritaya.

Dokar ta kuma jera hukunce-hukuncen ladabtarwa: gargaɗi, jinkirta ƙarin girma na shekara 1, rage mataki, har zuwa kora. Ke nan jinkirta ƙarin girma hukunci ne mai zaman kansa, wanda ba a yanke shi sai an ba ma'aikaci damar kare kansa. Dakatarwa kuwa mataki ne na wucin gadi kafin a gano gaskiya. Idan aka wanke mutum aka bar shi a matakinsa na da, an hukunta shi ba tare da shari'a ba.

Gwamnati na da tata hujja. Dokar ta ba ta ikon korar wanda ya bar bakin aiki kwana 30 a jere ba da izini ba, kuma ministan ma'aikata Joseph Le ya sha sanar da korar irin waɗannan, cikinsu har da malamai da jami'an lafiya da suka fice ƙasashen waje. Amma malamin da ya tafi Kanada daban yake da wanda rikicin Boko Haram ya rufe makarantarsa a Mayo-Sava ko Mayo-Tsanaga, ko wanda rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya kora daga wurin aikinsa. Ga ma'aikacin Marwa, Garwa ko Ngaundare, bin sawun takarda a Yawunde kaɗai na iya cinye albashin wata.

Yajin aikin malamai na OTS a 2022 ya nuna cewa ko waɗanda ba a taɓa dakatarwa ba sukan yi shekaru suna jiran kuɗin ƙarin girmansu. Tun Janairun 2025 aka koma amfani da manhajar AIGLES, wadda ta haɗe bayanan ma'aikata da na albashi domin ƙarin girma ya riƙa zuwa da kansa. Amma na'ura abin da aka shigar mata take lissafawa. Idan ba a gyara bayanan wanda aka wanke ba, kuskuren zai ci gaba da maimaituwa kowane wata.

Saboda haka dawowar albashi ba ta isa ba. Ma'aikaci ya nemi a sake gina tarihin aikinsa, abin da ake kira reconstitution de carrière, ta hanyar rubuta koke ga ministan da abin ya shafa cikin wata 3 da samun takardar matakin da aka ɗauka a kansa. Shirun wata 3 daidai yake da ƙin amincewa, daga nan yana da kwana 60 ya garzaya kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a a yankinsa. Wanda ya bari wa'adin ya wuce zai iya rasa haƙƙinsa ko da gaskiya na gefensa.

Abin da ya rage ga hukumomi shi ne takardar da ta mayar da mutum bakin aiki ta zo tare da matakin da ya kamata a ce ya kai.