Hidimar Kyauta A Salula: Ina Ribar 'Yan Kasuwar Kelle?

A 'yan shekarun nan, kusan kullum sai an zo mana da wata sabuwar hidima ta salula, ana cewa kyauta ce: aika saƙo, kira ta intanet, ko jin farashin kasuwa. Mu da ke hada-hadar hatsi da bisashe tsakanin Kelle, Gure da Damagaram, ya kamata mu tsaya mu auna wannan kyauta tun kafin mu jingina jarinmu da ita.

Babu mai musun amfanin waya. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya ji kuɗin tiyar gero tun yana gida, ba zai biya kuɗin mota ya je ya tarar da kasuwa ta faɗi ba.

To amma masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abu na farko, mai kyauta shi ke da ikon janye kayansa. Kamfanin Twitter ya daɗe yana tura wa mutane labarai ta rubutaccen saƙo, sai ga shi a 2020 ya rufe hidimar a yawancin ƙasashe. A nan gida ma, Orange da ya kawo hidimar farashi ta Labarun Kasuwa a 2011, ya sayar da reshensa na Nijar a 2019. Duk wanda ya bar lambobin abokan cinikinsa da lissafin bashinsa a hannun wani kamfani kawai, ranar da aka rufe ƙofa shi ke da asara.

Na biyu, rubutaccen saƙo sai mai karatu. Shi ya sa shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar a jihohin Doso da Damagaram daga 2009, ya haɗa karatu da koyon danna waya, kuma ɗaliban da aka koya wa wayar sun fi sauran ci gaba. Yau saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa wa iyayenmu mata, sai dai yana buƙatar babbar waya, kuɗin intanet, caji, da wurin da layi ke kamawa. Ina kyauta a nan?

Na uku, saƙon da bai ci kowa ko dala ba, macuci ma yana iya aika shi. Farashin ƙarya da saƙon "an turo miki kuɗi" duk ta wannan hanya suke shigowa.

Saboda haka shawararmu ita ce, mu gwada, amma da ido buɗe. A ajiye lambobi da lissafi a littafi. Kafin a ɗora buhu ko rago a mota, a kira amintaccen dillali a tabbatar da farashi. Kada a saki kaya sai an duba asusu an ga kuɗi sun shiga, kuma lambar sirri ko ɗan'uwa ba a faɗa masa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.